Gwaggo da Littafin da Ta Ƙi Kiran Sunansa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Gwaggo kuwa ta riga mu tafiya. Ta rasu a ɗakinta a Maƙarfi da hantsi, bayan 'yar gajeruwar jinya, aka kai ta kafin la'asar. Na zauna rubuta wannan ne domin na san halinmu. Za a yi kuka, za a watse, kowa ya koma gonarsa da shagonsa, bayan ɗan lokaci sai a riƙa cewa wai akwai wata tsohuwa da ta taɓa rubuta littafi. Ni ban yarda Gwaggo ta zama wata tsohuwa ba.

Abin da ya fara ɗaure wa 'yan zaman makoki kai shi ne kwanuka. Kowa ya san idan an yi rashi maƙwabta kan kawo abinci, galibi shinkafa ko taliya. A gidan Gwaggo kuwa tun washegari mata suka riƙa sallama, fuskokin da babu wanda ya sani a cikin dangi, kowace da kwanonta ɗaure a ɗankwali. Wata ta ce daga Dandamisa take, wata daga Kurmin Kogi, wata ta shigo motar Ikara tun da safe. Aka buɗe aka ga faten tsaki da rama, dambun masara, tubani, gumba da mazarƙwaila, abincin da rabon wasunmu da shi tun muna zuwa makarantar allo.

Tsohuwar da ke katanga ɗaya da Gwaggo ta ɗaga murfin wani kwano, warin daddawar batso ya cika rumfar. Ta rufe ido ta ce, "Rabona da wannan warin tun ina amarya." Aka yi dariya da hawaye a fuska. Ta juya ga matar da ta kawo kwanon, wata doguwa mai baƙin mayafi.

"Baiwar Allah, ya haƙuri? Ke 'yar wa ce a gidan nan?"

"Haƙuri da godiya, Inna. Ni ba 'yar kowa ba ce. Daga Janfalan nake. Ban taɓa ganin marigayiya ido da ido ba, a waya muka san juna."

Matan dangi suka kalli juna. Ni kaɗai na san zancen daga tushe, don haka bari in faɗe shi.

Gwaggo yayar babana ce. Ta koyar a makarantar firamare har ta zama shugabar makaranta, rabin magidantan unguwarmu sun sha bulalarta kuma har ta mutu suna rusuna mata. Kakarmu Bafulatana ce ta Kurmin Kogi, saboda haka Gwaggo ta gaji kunya ta gida biyu. Amma kunyar ba ta hana bakinta kaifi ba, musamman a kan girki. Idan ta ɗanɗana miyarki ta ji salam, sai ta tambaye ki a hankali, "Kin zuba gishirin ne, ko alkawari kika yi masa?" Idan ta ga an jefa dunƙulen shago a tukunya, sai ta ce wannan ai gaggawa ce aka dafa. Ni da na tashi a hannunta na sha wannan magana har na haddace.

Ɗanta na fari, wanda muke kira Yaya, manomin rake ne a Kudan, yana kuma dafa mazarƙwaila. Ya yi furfura, ya aurar da 'ya'ya, amma bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Haka al'adar take, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Wasu matan sukan sassauta idan shekaru suka ja. Gwaggo ba ta sassauta ba. "Mutumin Kudan" take ce masa. Idan ya zo gaishe ta, yakan tsuguna a bakin ƙofa, ita tana kallon bango, su yi magana ta bakin duk wanda ke kusa. Shekarar da injin matse rake ya kama masa hannu aka kwantar da shi a asibiti, kullum sai ta dafa masa kunu ta ɗauko da kanta, ta tsaya a ƙarƙashin bishiyar da ke harabar, ta miƙo mini ta ce in shiga da shi. In na fito ta tambaye ni, "Mai jikin can ya sha?" In na ce ya sha, sai ta gyara mayafi ta kama hanya.

Da ta yi ritaya sai ta ƙi zama. Ta ce tsofaffin da suka iya girkin da aka yi mu da shi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, jikokinsu kuma ko tsaki ba su iya tankaɗewa ba. Ta riƙa hawa motar kasuwa tana bin ƙauyuka, ta zauna a gindin murhu da tsofaffi, ta tambaya, ta gani da idonta, ta dawo gida ta gwada. Mu ne muka ci gwajin, mai daɗi da marar daɗi. A ƙarshe ta haɗa littafi, aka buga mata a Zariya, aka kawo shi cikin kwalaye aka jera a ƙuryar ɗakinta har suka kusa taɓa rufi. Ran da aka kawo su ta shafa kwalin sama sau ɗaya, ta juya ta ce a ɗora sanwa.

Daga nan wahala ta fara. Littafi dai an yi shi don a karanta, kwalayen kuwa suna zaune a ɗaki mai ƙasa a daɓe, a garin da gara ba ta raina kowa. Na ce a yi taron ƙaddamarwa, ta ce ita ba za ta tara mutane su zo su yabe ta tana zaune ba. Na ce to a sa a waya. Ni sana'ata ke nan, zannuwan gado da turaren wuta nake sayarwa ta waya, na san yadda ake yi. Ta yarda da ƙyar. Na nuna mata yadda ake danna a yi magana, na sa ta a guruf ɗin dangi, na koma gida ina jiran in ji tallar Gwaggo.

Saƙon muryar ya shigo da yamma. Ta yi sallama. Ta gaida manya, ta gaida ƙanana, ta tambayi gajiya, ta tambayi ruwa, ta tambayi masu jiki ɗaya bayan ɗaya, ta yi wa matafiya addu'a, ta yi wa mamata. Na gama yanka albasa, na soya, na zuba ruwa, Gwaggo tana nan tana gaisuwa. Can a ƙarshe, lokacin da na tabbata babu wanda ya rage yana saurare sai ni, ta rage murya ta ce, "Akwai kuma wani ɗan aiki da aka yi. Wanda Allah ya sa ya gani, to." Shi ke nan. Babu sunan littafi, babu abin da ke cikinsa, babu inda za a same shi.

Na kira ta na ce, "Gwaggo, ai ba ki faɗi sunansa ba."

"Sunan wa?"

"Littafin."

"Yana rubuce a jikinsa. Mai ido zai gani."

"To ki ɗauki hotonsa ki tura."

Ta ɗauka ta tura. Hoton kwali ne a rufe, an ɗaure shi da igiya, kwalin kuma na sabulu ne da masu bugawa suka samo. Kafin magariba mata uku a cikin dangi sun tambaya ko Gwaggo ta fara sarin sabulu, ɗaya har ta ce a ajiye mata na wanki.

Sai a lokacin na gane abin da ke faruwa. Ba rashin iya waya ba ne. Gwaggo ta ɗauki littafin nan a matsayin ɗan fari. Shi ne na farko da ta haifa da alƙalami, don haka ba za ta kira sunansa ba, ba za ta yabe shi ba, ba za ta ɗaga shi a gaban jama'a ba. "Abin nan" take ce masa, ko "aikin can." Idan baƙo ya ɗauka ya ce kai, wannan littafi ya yi kyau, sai ta kawar da kai ta ce ana dai fama.

Dangi da suka gane littafi ne sai suka fara zuwa. Duk wanda ya tambayi kuɗinsa sai ta ce haba, ɗauki kawai. Suka ɗauka, suka yi godiya, suka kai gida suka ɗora a kan sif. Na shiga gidaje da dama na gan shi a can sama ƙura ta rufe shi, a wani gidan ma an tokare ƙafar gado da shi. Dangi suna son Gwaggo, amma ba su ne masu neman yadda ake daddawar batso ba. Masu nema suna can wani wuri, ba su san an yi littafin ba.

Haƙurina ya ƙare, na yi abin da na iya. Na samo hotonta na wani biki inda ta sha ɗaurin ɗankwali, na rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe cewa ga shahararriyar marubuciya, gwanar gwanaye, littafin da ba a taɓa yin irinsa ba. Na watsa shi duk guruf ɗin da nake ciki, na 'yan makarantarmu, na masu adashi, na masu neman takin zamani, har da wani da aka buɗe don jinyar wani dattijo. Safe da yamma nake turawa. Aka yi ta sa mini alamar babban yatsa, aka yi ta rubuta Masha Allah, amma Masha Allah ba ta rage kwali ko ɗaya ba. Masu takin zamani kuma suka cire ni ba ko sallama.

Hoton ya zaga har ya dawo wayar Gwaggo. Ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a kan tabarma, wayar na gabanta a kife.

"Ke kika yi wannan?"

"Ni ce, Gwaggo. Haka ake talla yanzu."

"Kin ɗauki fuskata kin baza a kasuwa kamar tumatirin Ikara. Gwanar gwanaye. Tsofaffin da suka koya mini suna raye, suna ji. Da wane ido zan kalle su?"

Na ce mata in ba a yi magana ba gara ce za ta karanta littafin. Ta ce gara ta fi ni ladabi, ita ba ta tallar mutum. Na tashi na fita raina a ɓace, kuma har gobe ina kan bakana cewa kayan da ba a faɗi sunansa ba babu mai sayensa. Muka yi kwanaki ba ma magana. Ranar wata Juma'a sai ga kwanon fate daga gidanta, da yakuwa da gyaɗa yadda nake so, ba saƙo ba komai. Na cinye, na wanke kwanon, na kai mata da kaina.

Damina ta sauka sosai a shekarar. Wata safiya na je na tarar ta jawo kwalin ƙasa tsakar ɗaki. Gindinsa ya jiƙe, gara ta shiga ta yi hanyoyi a cikin littattafan, wasu in ka ɗaga sai su zube kamar garin tuwo. Gwaggo tana riƙe da guda ɗaya da aka cinye rabinsa, tana juya shi a hannu. Ban taɓa ganin ta tsufa ba sai ran nan. Tausayinta ya kama ni har na kasa cewa ai na faɗa miki.

Muna haka sai ga ƙarar babur. Yaya ne ya kawo mata mazarƙwaila kamar yadda ya saba. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ya dubi kwalin, ya dubi abin da ke hannunta. Yaya ba mai magana ba ne, in ya yi jimla uku a jere to an yi ruwa da ƙanƙara. Sai ya juyo gare ni.

"Ƙanwata, tambayar mini ita. Ɗan fari nawa mace take yi?"

Na maimaita, ko da yake ta ji. Ta ce, "Ki ce masa ɗaya."

"To ki ce mata an riga an yi shi, ga shi tsugune. Na riƙe wannan matsayi tun ina cikin zane, ban taɓa ƙorafi ba, kuma ba zan raba shi da takarda ba. Wanda ya zo bayan furfura auta ne. Auta kuwa goya shi ake yi a shiga da shi gidan biki, a kira sunansa kowa ya ji. In an bar shi a ƙuryar ɗaki, ga abin da ke samunsa."

Ya ajiye mazarƙwailar, ya ce a gaida mutan gida, ya tayar da babur. Gwaggo ta bi ƙarar da kunne har ta ɓace. Sannan ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Mutumin Kudan ya iya magana ashe." Ta miƙo hannu. "Ba ni wayar."

Ta danna, ta yi sallama, ta yi gaisuwa daidai wadda ba za a ce ta yi rashin ladabi ba. Sannan ta ce, "Ni tsohuwar malama ce a Maƙarfi. Na rubuta littafi, sunansa Abin da Muka Ci Muka Girma. Yau zan gaya muku yadda ake faten tsaki ba ya ɗaure." Ta faɗa tiryan-tiryan kamar tana gaban aji. A ƙarshe ta ce sauran suna cikin littafin, ana samunsa a shagon da ke bakin tasha, na nesa kuma direbobi za su kai musu.

Wannan karon ban watsa ko'ina ba. Na tura wa mata kaɗan da na san suna girkin biki da masu koyar da 'yan mata a Islamiyya, su kuma suka tura wa nasu. Aka buɗe mata guruf na mata zalla. Duk mako takan yi saƙo ɗaya, abinci ɗaya, gajere. Ba ta taɓa cewa littafin ya fi na kowa ba, ba ta kuma sake sa hoton fuskarta ba. Tukunya take ɗauka, da littafin a jingine a gefe, sunansa a fili. Mata suka riƙa turo hoton girkinsu tana dubawa kamar jarrabawa. Amare da yawa a ƙasar nan sun ji tambayar gishiri da alkawari.

Doguwar matar nan ta Janfalan da rigima suka fara. Ta turo saƙo a gaban kowa ta ce yadda aka rubuta daddawar batso ba daidai ba ne, in an bi shi sai ta yi ɗaci. Gwaggo ta hasala, ta ɗauki waya ta fara wata magana da na san in ta fita guruf ɗin zai watse. Ta kai tsakiya ta tsaya, ta ce in goge. Ta jiƙa 'ya'yan yakuwa ta gwada yadda matar ta ce. Da ta nuna, ta ɗanɗana, sannan ta yi saƙo ta ce 'yar Janfalan ta fi ta gaskiya, kowa ya ɗauki biro ya gyara a littafinsa. A makon nan aka fi sayen littafin. Su biyun kuma suka zama ƙawaye, kullum suna musu a kan kanwa.

Kwalaye suka yi ta raguwa har bangon ƙuryar ya fito. "Autana" take ce masa yanzu, ba kunya ba komai. In direba ya zo ɗauka sai ta ce a sa shi a gaba, kada a danne mata shi da buhun barkono. Lokacin da ta kwanta jinya kwali ɗaya ya rage.

Ranar sadakar uku da la'asar, mutane sun ragu, manyan dangi suka shigo cikin gida ana maganar kayanta. Da aka zo kan kwalin wani ya ce a raba wa jama'a sadaka a huta. Na san inda zai ƙare, a kan sif da ƙarƙashin gado, amma ni 'yar ɗaki ce, ba ni da ta cewa a gaban iyaye. Yaya yana tsugune a bakin ƙofar ɗakinta, inda ya saba, ko da yake babu sauran wanda zai yi wa kunya a ciki.

Matar Janfalan ta zo yin sallama za ta bi mota. Ta tambaye ni a hankali ko wannan ne mai mazarƙwailar Kudan. Na ce shi ne, ya aka yi ta san shi? Ta ce duk guruf ɗin an san shi. Ta durƙusa ta yi masa gaisuwa, ta ce, "Malam, akwai abin da ya kamata ka ji." Ta lalubo wani tsohon saƙo ta danna. Ni kaina ban taɓa jinsa ba, ya shige mini a cikin masu yawa. Muryar Gwaggo ta fito tsakar gidan, tana bayanin gumba.

"Kada ku sa sukari, mazarƙwaila ake sawa. In za ku saya ku nemi ta wani mutum a Kudan, mai tabo a hannun dama. Ba ya algus, ba ya tauye mudu, tukunyarsa a wanke take. Na san shi tun bai san kansa ba, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ban san wanda ya fi shi ba a wannan sana'a." Sannan ta ƙara da cewa, "Sunan ne dai ba zan iya faɗa muku ba. Ku tambaya a tasha."

Yaya ya sunkuyar da kai yana kallon tabon hannunsa. Ya ce shi ya sa bana mata suka yi ta zuwa daga nesa suna tambayar mai tabo, shi bai san wanda ya turo su ba. Ya roƙi matar ta sake sa masa. Ta sake. Ya saurara har ƙarshe, hawaye na bin gemunsa bai share ba.

Sannan ya miƙe ya shiga ɗakin, karo na farko da na taɓa ganinsa a ciki. Ya fito rungume da kwalin. Ya dubi iyayenmu ya ce, "Ku yi haƙuri, wannan ba na rabo ba ne. Ƙanena ne, ya zama maraya, riƙonsa a wuyana yake." Ya ɗora shi a bayan babur ya ɗaure da roba, ya cire rigarsa ta sama ya lulluɓe shi saboda hadari ya haɗo.

Kafin ya tayar ya miƙo mini wayarsa ya ce in nuna masa inda ake dannawa. Na nuna masa. Ya gyara murya, ya yi sallama, ya faɗi sunan littafin sarai, ya ce ana samunsa yanzu a Kudan wurin mai mazarƙwaila, in ya ƙare kuma za a sake bugawa da gyaran 'yar Janfalan a ciki. Ya ɗan tsaya, yatsansa na kan wayar.

"Innata ce ta rubuta," ya ce. "Ni ne ɗanta na fari."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka makwancinta, ya ciyar da ita abin da ya fi duk wanda ta taɓa dafawa. Mu da ta bari, Allah ya ba mu ikon riƙe mata auta.